Abin da Ke Hannun Daman Auta

Daura, 20 ga Satumba

Zuwa ga Musaddiq Auta, ɗan gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Siddiƙa da yara. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ta ƙi jin magani. Damina ta yi albarka, gero ya sunkuyar da kai tun daga bayan gari har Sandamu. Innarka, Gwaggo Shatu, tana nan da ƙarfinta. Jiya ma ta zo har gida ta yi mini faɗa kan gishirin miyar da ba ita za ta sha ba.

Ka ga na koma biro da takarda kamar lokacin da nake shugabar makaranta. Sau goma sha ɗaya na kira wayarka. Saƙon murya kuwa na san yadda kake yi da nawa: ka danna, ka ajiye wayar a kan mota, ka tayar da injin. Ɗantsoho direba zai kawo maka wannan har garejinka a Abuja, kuma na ce kada ya motsa sai ya ga ka buɗe ta.

Na ga bidiyon. Duk Daura ta gani. Allah Ya jiƙan Kalilu, Ya ba iyalinsa haƙuri. Mutane sun kalla sau ɗaya sun yi salati sun wuce. Ni sau ashirin na kalla. Ana cikin tsere wata mota ta mutu a kwana ta huɗu ta filin. Kalilu, wanda aikinsa ke nan, ya tako bakin hanya ya ɗaga tutar gargaɗi. Motoci uku sun gan shi, sun taka birki, sun kauce. Sai ga motarka, lamba 47. Na ƙirga da bakina, Auta: daƙiƙa shida mutumin nan yana tsaye a hannun damanka yana kaɗa ƙyalle mai girman sallaya. Fitilar birkinka ba ta kama ba sai bayan ka wuce ta kansa.

An ce ƙungiyarku ta zauna ta yanke cewa laifinsa ne, ya shigo inda bai kamata ba. Madalla da ƙungiya. Ni ba ƙungiya ba ce, ni ce na raka ka wurin likitan ido a Kano shekara biyu da suka wuce.

Kada ka sa ni cikin masu cewa tseren mota haukan banza ne. Ina tune da kai kana ɗan shekara ashirin, kana jigilar fasinja zuwa kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, tsofaffi suna sauka suna tsine maka, mako na zagayowa kuma su ce motarka za su shiga. Ina tune da tseren da kuke yi a gonaki bayan an yi girbi, har wani ya gan ka ya ce ka zo Abuja. Shekara goma sha ɗaya kana can, babu kamfani a bayanka, babu ubangida. Kai ne direba, kai ne makaniki, kai ne mai walda. Tsohuwar Golf da ka fidda wa kujeru ka ɗaure cikinta da ƙarafa ta kunyata motocin masu tambarin kamfani a ƙirji. Na yi alfahari da kai, har littafin dokokinku na karanta daga bango zuwa bango don in san abin da nake alfahari da shi. Shafi na tara ya yi magana kan lafiyar idon direba.

Likita ya gaya maka a gabana: ciwon kakanmu Malam Badaru ne, wanda ya kama babana, ya kama ni. Ba ya zafi, ba ya ja. Daga gefe yake fara cin gani, kai kuma gefen damanka ya fara. Ka roƙe ni a bakin asibiti kada in gaya wa kowa. Na yi maka alkawari bisa sharaɗi biyu: maganin ɗigawa sau uku kullum, da komawa awo duk wata shida.

To amsa mini. Yaushe rabonka da likita? Kana ɗiga maganin? Kuma ka ga Kalilu, ko ba ka gan shi ba?

Yayarka,
Haulatu

(A gefen takardar, ta hannun dama, an rubuta daga sama zuwa ƙasa: Albishirinka. 'Yata Raihana ta sauka ranar Talata, namiji. Mijinta ya ce sunanka za a sa masa.)

*

Abuja, 29 ga Satumba

Yaya Haulatu, taubashiyata mai bulala,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, Ɗantsoho ya tsaya a kaina kamar ɗan sanda har na karanta. Muna lafiya. Siddiƙa tana gaishe ki, ta ce ki rage hawa bene saboda gwiwar. Ki gaida Inna. Yaya Raihana da nauyin jiki? Ina jin watan nan ne ko? Allah Ya raba lafiya.

Yaya, kin yi ritaya amma har yanzu jan biro kike nema ki yi wa mutane maki. Bidiyo daga sama aka ɗauke shi. Wanda ke cikin mota yana gudun kilomita ɗari da arba'in, da hular kwano a kansa, da ƙarfe ta ko'ina, ba abin da mai waya yake gani yake gani ba. Kalilu abokina ne. Shekara bakwai muna cin abinci a kwano ɗaya bayan tsere. Ni na shiga kabarinsa na karɓe shi. Ba na bukatar a ƙirga mini daƙiƙoƙi.

Ko da ƙungiya ta wanke ni, na san hukuncin wanda ya kashe rai bisa kuskure. Na fara azumin kaffara tun sha biyar ga wata, kwana sittin a jere. Yau na kai sha biyar. Ba wuya, na saba da zafi. In ina ƙarƙashin mota ma mantawa nake yi da ƙishirwa.

Maganar magani, ina ɗigawa bayan na sha ruwa. Ki kwantar da hankalinki. Filinmu kewaye ne kamar faifai, kuma hagu kaɗai muke juyawa, tun daga tashi har ƙarshe. Wanda hagunsa ke gani tar me zai nema a dama? Na kuma ƙara babban madubi.

Bari ki ji labari mai daɗi. Tseren ranar Asabar na zo na biyu. Injin da na haɗa da hannuna daga motoci uku da suka mutu, shi ya wuce yaran kamfanin nan masu makanikai goma-goma. Yanzu maki huɗu ne tsakanina da na farko, kuma tsere biyu suka rage. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa na uku, na biyar, na huɗu. Ba a taɓa samun mai zaman kansa ya ɗauki kofin shekara ba. Bana ne, Yaya. Ina jin sa a tafin hannuna.

Akwai kuma wani abu da nake ƙullawa da Alhaji Ikrima, shugaban ƙungiyarmu. In ya tabbata, ke da kanki za ki yi guɗa, in dai gwiwa ta bar ki.

Ƙaninki,
Musaddiq

*

Daura, 3 ga Oktoba

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. An fara yankan gero.

Ɗauko takardata ta farko. Buɗe ta. Juya kanka dama sosai, kamar mai sallame salla. Me ka gani a gefe?

Raihana ta haihu tun sha shida ga watan jiya. An yi suna, an ci rago, yaron ya amsa Musaddiq. Na rubuta maka wannan da manyan baƙaƙe a gefen dama, da gangan na sa shi a can. Kai kuma ka zauna ka rubuto mini “Allah Ya raba lafiya.” Takarda ce a hannunka, ba ta gudu, ba hular kwano a kanka. Da na karanta layin nan sai da na zauna a bakin gado.

Tambayoyi uku na yi maka. Ta likita ka tsallake ta. Ta Kalilu ka rufe ta da kabari, don ka san ba zan iya yi wa mai makoki tsawa ba. Ka yi kuskure, zan iya. Ta magani kuwa ka amsa, kuma amsar ce ta fi tayar mini da hankali. Sau uku aka ce. Kai kana ɗigawa sau ɗaya, bayan shan ruwa. Ba sai ka gaya mini dalili ba, ni ma ina ɗiga irinsa. Na san ɗacin da yake saukowa maƙogwaro bayan minti biyu. Kana tsoron ya karya maka azumi, jerin ya yanke, ka koma ɗaya.

To saurara, don a nan ba ka fi ni sani ba. Lokacin da Malam Badaru ya makance, ni ce jikar da ke zama gabansa ina karanta masa littattafansa na fiƙihu, yana gyara mini wasali daga cikin duhu. Gaskiya ne, a karatun da muka gada, abin da ya shiga ta ido ya kai maƙogwaro yana karya azumi. Amma ka danne lungun idonka na wajen hanci da yatsa minti uku bayan ka ɗiga, ba abin da zai sauka. Haka nake yi duk watan Ramadan. In ma ya sauka, kai majinyaci ne, kuma ciwo uzuri ne, ba ya rushe jerin kwanakin kaffara. Ka rama ranar a ƙarshe. Je ka tambayi duk malamin da ka yarda da shi, in ya ce ba haka ba ne ka turo mini shi.

Ka san abin da kake yi? Ka kashe mutum saboda ba ka gani. Don neman gafarar wannan, ka ɗauki hanyar da za ta ƙara rage maka gani. Sannan kana shiga mota ranar Asabar da bakin azumi, cikin zafin da ke narkar da roba, tare da mutum goma sha biyar da suka ɗauka kana ganinsu. Wannan ba tuba ba ce, shirin kaffara ta biyu ne.

Wai hagu kaɗai kuke juyawa. Na ce maka na karanta dokokinku. In kana juyawa hagu, mai son wuce ka ta ina yake bi? Masu tuta a ina suke tsayawa? 'Yan kallo fa? Duk abin da ke da rai a filin nan a hannun damanka yake. A hagunka ciyawa ce kawai da tsofaffin tayoyi.

Ganin da ciwon nan ya ci ba ya dawowa. Babana ya yi shekara huɗu yana cewa ƙofofin gidanmu ne aka ƙuntata, yana bugun kafaɗa a jikin bango, har ranar da ya taka jaririn maƙwabta a tsakar gida.

Sharaɗaina biyu ka karya. Ina riƙe da alkawarina da yatsa biyu. Rubuto mini cewa ka ajiye mota har likita ya gan ka.

Haulatu

*

Daura, 19 ga Oktoba

Musaddiq,

Ina gaisuwa. Lafiya muke, takwaranka yana ta ƙiba.

Kwana goma sha shida babu amsa. Ɗantsoho ya je sau biyu, ya ce ka karɓi takardar ka sa a aljihu. Ban san ko ka karanta ba, ban kuma san ko kana iya karantawa ba.

Amsar taka a bangon tasha na same ta. Hotonka ne da hular kwano a hammata, an manna shi a tasha, a bakin kasuwa, har a katangar makarantar da na yi shekara ashirin ina shugabanta. “Tseren ƙarshe na shekara, Asabar takwas ga Nuwamba, hanyar Sandamu. Ɗan gida zai dawo gida.” Wannan ne abin da ka ce zan yi wa guɗa.

Na hau babur na je na ga filin. Gonaki ne aka share bayan girbi, katafila tana daddaɓe ƙasa. Na tambayi mai kula da aikin ina katangar da za ta raba motoci da mutane. Ya nuna mini turaku da igiyar ɗaure shanu. Ya ce ai a Abuja ma bango bai hana tsautsayi ba. Na auna da ƙafata: taku huɗu ne daga inda tayarka za ta bi zuwa igiya.

Ka san mutanenmu. Ba su taɓa ganin irin wannan ba. Za su zo daga Mai'adua, daga Zango, daga Baure, har daga tsallaken iyaka. Manya za su tura ƙanana gaba don su gani da kyau. An riga an ce makarantu za su kawo ɗalibai cikin layi. Igiyar nan ba za ta kai azahar a miƙe ba.

Na je wurin Gwaggo Shatu na gaya mata komai. E, na karya alkawarin, daga kanta na fara. Ta saurare ni har ƙarshe tana tsinke zogale. Sai ta ce idon ɗanta garau yake, ita ta haife shi. Ta ce ciwon Malam Badaru ba a maganarsa a waje, akwai 'yan mata a dangi da ba su yi aure ba, in ya fita wa zai nemi jinin makafi? Ta ce in rufa wa gida asiri. Ta riga ta kai ɗinkin da za ta sa ranar.

Ina ba ka mako guda. In ban ji ka janye ba, zan rubuta wa Alhaji Ikrima, in haɗa masa da takardar awon Kano. Kwafinta yana cikin akwatina.

Haulatu

*

Abuja, 25 ga Oktoba

Yaya Haulatu,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Barka da samun ƙaruwa, Allah Ya raya takwara. Tarkon da kika ɗana mini da sunan jariri kuwa, Allah Ya yafe miki. Mutum yana karanta faɗa shafi biyu, ina zai lura da gefen takarda?

Kin je kin tayar wa tsohuwa hankali. Wannan ban zata daga gare ki ba.

Tunda gaskiya kike so, ga ta. Ban ga Kalilu ba. Ƙara na ji. Shi ya sa ba zan yi azumin da aka yi wa faci ba. Na ji bayaninki na danne ido da na uzuri, ban ce ƙarya ba ne. Amma mutumin nan 'ya'ya biyar ya bari. Ba zan tsaya gaban Allah da sittin mai ramuwa a ciki ba, ko mai shakka. Sittin cif. Yau arba'in da ɗaya.

Ke kina ganin tuƙi da ido ake yi. Da dukkan jiki ake yi. Mota in tana zuwa ta damana, ina jin ta a kunne, ina jin iskarta tana tura ƙofata. Na san muryar injin kowane ɗaya daga cikin yaran nan kamar yadda kika san muryar ɗalibanki. Makon jiya na zo na ɗaya, Yaya. Na ɗaya! Makaho ne ya yi wannan? Yanzu maki ɗaya ne tsakani.

Filin gida kuwa zan iso tun ranar Litinin in taka shi da ƙafa, in ƙirga kowace kwana. Zan roƙi a ja igiyar baya.

Shekarata arba'in da ɗaya. Na sani sarai baɗi ba zan samu takardar tuƙi ba, ko ta tsere ko ta titi. Ba ni da shago, ba ni da gona, ban iya komai ba sai wannan. Inna ba ta taɓa ganina a fili ba, kullum ce mata ake yi ɗanki direban banza ne da ya ƙi aikin kamfani. Zagaye arba'in nake roƙo. Minti ashirin da biyar. Bayan nan ki kai ni duk asibitin da kike so, ki ɗiga mini maganin da bokiti.

In kika aika takardar nan, kin yanke abin da ke tsakaninmu.

Musaddiq

*

Daura, 2 ga Nuwamba

Auta,

Ina gaishe ka, ko ka amsa ko kada ka amsa. Muna lafiya.

Na aika. Alhaji Ikrima ya kira ni da kansa, da ladabi kamar mai neman aure. Ya ce Hajiya, takardar da kika turo ta shekara biyu ce, mu kuma muna da sabuwa ta watan Janairu mai hatimi, ta ce idonsa lafiya. Na ce wane likita? Ya ce ba a faɗa. Na ce ku sake auna shi a gabana. Ya ce an buga hotuna, an gayyaci manya, kuma rigimar dangi ba ta shafi ƙungiya ba. Har ya yi mini tayin kujera a rumfa. Ban san abokin da ya buga maka hatimin nan ba tare da ya haska idonka ba, amma ka gaya masa yana da kaso a cikin Kalilu.

Ka ce kana jin injin kowa a kunne. Na yarda. Yarinya 'yar shekara bakwai da ta sunkuya ƙarƙashin igiya don ɗauko takalminta, wane irin injin ne da ita? Kalilu wane ƙara ya yi kafin ka same shi?

Ka amsa da bakinka cewa ba ka gan shi ba, ka kuma ce a ba ka minti ashirin da biyar. Daƙiƙa shida suka ishe ka wancan karon.

Na gaji da rubutu, ga abin da zan yi. An ce ranar Alhamis da hantsi za ka gwada filin kai kaɗai. Zan zo in tsaya a kwana ta huɗu, a bakin igiya, da mayafi ruwan ɗorawa irin kalar tutar da Kalilu ya ɗaga. Ba zan ɓuya ba, ba zan matsa ba. In ka gan ni, fito da hannu ta taga sau ɗaya. In ka yi haka, na rantse ba zan ƙara cewa uffan ba, ranar Asabar kuma ni ce mai guɗa a gaba. In ba ka gan ni ba, kai ka san sauran.

Haulatu

*

Filin tsere, hanyar Sandamu, Alhamis

Yaya,

Ina yini. Na iso lafiya tun Litinin, a wurin mota nake kwana.

To ina mai mayafin? Zagaye goma sha biyu na yi. Duk shigowata kwana ta huɗu ina dubawa. Igiya na gani, da turaku, da itacen gawo. Na san gwiwa ce ta hana ki, ko kuma zuciyarki ce ta yi sanyi, don na san ba ki ƙi ni ba. Ban riƙe ki ba. Abin da na faɗa na yanke zumunci ma fushi ne.

Filin ya yi kyau, ƙasar ta kama taya. Sau ɗaya kawai na taka dutse a wurin, na ce a tsince. Motar ba ta taɓa daɗi irin na yau ba.

Tunda ba ki zo ba, shari'a ta faɗi. Ki shirya guɗarki.

Auta

*

Daura, safiyar Juma'a

Musaddiq,

Ina kwana.

Na zo. Tun ƙarfe tara ina wurin har ka kashe mota. Ba ni kaɗai ba. Innarka ta ce sai ta biyo ni don ta ga ƙaryata ta ƙare, ta ce ko cikin dubu ɗanta zai gane ta. Ta sa sabon ɗinkin da ta yi don Asabar. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ni da mayafin da na ce, ita da hannu ɗaya a kan igiya, ɗayan tana ɗaga maka.

Sau goma sha biyu ka wuce mu. Sau uku ka juyo da kai, ka kalli gawon da ke bayanmu, ka mayar. Tana kiran sunanka, tun tana Musaddiq har ta koma Auta. A zagaye na biyar ta daina kira. Hannun dai ba ta sauke ba.

Ba dutse ka taka ba. A zagaye na tara tayarka ta baya ta fita daga hanya ta tumɓuke turke. Igiyar ta fizge ta zabge wa Gwaggo fatar hannu daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ta faɗi zaune. Masu aikin filin sun taso, ta ce kada wanda ya tsayar da kai, kada wanda ya gaya maka. Haka ta miƙe ta tsaya sauran zagaye ukun, jini yana bin sabon zaninta.

A hanyar asibiti ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta faɗa: “Haka Malam yake kallon wuce mutum.”

Ba ni da sauran hujja. Tana gida, an naɗe hannun. Je ka kwance bandejin ka duba da kanka. Ka zauna ta inda hagunka zai same shi.

An ce makarantu tara ne za su zo gobe.

Haulatu

*

Gidan Inna, Juma'a bayan magariba

Yaya Haulatu,

Na je. Na gani.

Na gaya wa Alhaji Ikrima injina ya buga, ba zan fita gobe ba. Ƙarya ce, amma ki bar mini ita. Yaron kamfanin zai ɗauki kofin. Na ce kuma in ba su mayar da igiyar baya taku talatin ba, zan tsaya a lasifika in faɗi yadda aka yi na samu takardar Janairu. Sun fara tone turakun.

Motar tana ƙofar gidanki. Turo ta aka yi.

Azumi saura kwana shida. Kada ki ce mini komai a kansa, zan kai shi yadda na fara.

Juma'a mai zuwa ki shirya mu tafi Kano. Ki nemo mana direba.

Musaddiq